Kuɗin Lauya a Hannun Hannatu

Salama a gare ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Ku amsa mini da ƙarfi. Halleluya!

Ga baƙin da ba su san ni ba, sunana Iliya, direban babbar mota ne ni, na daɗe ina bin hanyar Kotonu zuwa Yamai. Waccan mai shuɗin ɗankwali da ta sunkuyar da kai a layin mata, ita ce Hannatu matata, mai sayar da abinci a tashar manyan motoci. Ta ce in na kira sunanta a gaban jama'a ba ni ba tuwon dare. To, na haƙura da tuwon yau, domin shaidar nan ba ta yiwuwa sai da ita.

Da yawanku kun san mun rasa ɗanmu Dauda. Zazzaɓin damina ne ya kama shi yana ɗan shekara biyar. Abin da ba ku sani ba shi ne inda nake a lokacin. Ina Kotonu ina jiran lodi, kuma ina cikin giya har wuya. Hannatu ta kira, ta sake kira, salulata a kashe. Ita kaɗai ta goya shi zuwa likita, ita kaɗai ta dawo da shi naɗe cikin zane. Ko da na iso garinmu Gaya an riga an rufe shi, har an fara naɗe tabarmin gaisuwa.

Ban tambayi inda aka sa shi ba. Na kasa.

Daga nan gidanmu ya mutu. Ba mu yi faɗa ba, 'yan'uwa. Da ma faɗa muka yi, da ya fi sauƙi! In na dawo daga tafiya sai ta ce, "Sannu da hanya, maigida," ta ajiye abinci, ta koma ɗaki. Ba zagi, ba gori. Amma duk lokacin da muka haɗa ido sai in ji kamar tambayata take yi, ina kake ranar nan? Sai in ɗauki hulata in fice. Lokacin gadar iyaka tana buɗe, Malanbil ta ƙasar Benin kuwa ga ta nan ƙetare, giya araha. Can na mai da gidana na biyu. Ana cikin haka Shaiɗan ya raɗa mini cewa idanun matar nan ne ke kashe ni, in na rabu da ita zan huta.

Na fara gaya wa maigidana, Alhaji Seyni, wanda nake tuƙa wa mota. Musulmi ne, kuma har gobe ina girmama shi kamar uba. Ya dube ni ya ce, "Iliya, ka ji tsoron Allah. Matar da ta binne ɗa, ita za ka ƙara wa wani makoki?" Na ce na riga na yanke. Ya ce, "To ai kai ma ka sani, ku da kuke fara zuwa meri ku sa hannu gaban magajin gari kafin ku shiga majami'a, aurenku ba da baki ake warware shi ba. Sai alƙali. Je ka, wanda bai ji bari ba ya ji hoho."

Gaskiya ya faɗa, sai alƙali. To amma ta yaya zan taka gidan shari'a na Gaya, alhali rabin ma'aikatan wurin shinkafa da waken Hannatu suke ci da rana? Kuma wa zai tare ni a hanya in ba Fasto ba? Sai na yi dabara irin ta wawa. Na ce zan nemi lauya a Yamai, inda ba wanda ya san ni, ya gama komai a can shiru, in dawo da takarda a aljihu.

Da na kai lodi Yamai, wani direba ya nuna mini biro, wato ofishin wani lauya, a saman bene. Na hau da ƙurar hanya a jikina, sanyin kilim, na'urar sanyaya ɗaki, ya buge ni har cikin ƙashi. Sakatariyarsa ta ce in biya kuɗin ganin Metir, haka suke kiran lauya a can. Na ce, "Madam, ai ban faɗi komai ba tukuna." Ta ce, "Na faɗin ne za ka biya." Guzurina na tafiyar nan gaba ɗaya a teburinta ya kwana.

Metir ɗin mutumin kirki ne, ba zan yi masa sharri a gidan Ubangiji ba. Ya ba ni kujera, ya ce, "To malam, me ta yi maka?"

Da ƙyar na ce, "Ba ta magana."

"Ta zage ka? Ta bar gida? Ka kama ta da wani?"

Na ce a'a, ko ɗaya.

Ya cire tabarau ya ajiye. Ya ce, "Shari'ar da babu laifi a cikinta ita ta fi cin kuɗi, don ita ta fi daɗewa." Sannan ya fara lissafo mini. Akwai kuɗin buɗe dosiye, wato takardun ƙara. Akwai ladansa shi kansa. Akwai na wanda zai kai mata sammaci har hannunta. Ina cikin haɗiye wannan sai ya ce, "Kuma ba a nan Yamai za a yi ba. Inda kuke zaune, can alƙalinku yake. Duk ranar zama zan taso in zo muku, man mota da masauki a wuyanka. In an ɗage zama, haka za mu sake."

Kun ji fa! Na gudu ban tsira ba. Na tsallake Gaya don kada a gan ni, ashe da kuɗina zan ɗauko lauya daga Yamai in kawo shi ya tona ni a ƙofar gidana. Da ya haɗa jimillar, abin ya zarce kuɗin sabon babur. Ya ce in na kawo rabi sai mu fara. Na sauko daga benen nan ina gumi, duk da sanyin da na baro.

Mai hankali a wurin zai tuba. Ni kuwa taurin kai gadon gidanmu ne. Na rantse sai na tara kuɗin nan ko zai ɗauke ni shekara.

Sai dai hannuna rariya ne, abin da ya shiga da safe ba ya ganin yamma. Mu direbobi kuwa kun san al'adarmu a tasha: ba kowa ke zuwa banki ba, wurin mai abincin da ka yarda da ita kake ba da ajiya, in ka dawo ka karɓa. To wace ce tashar Gaya gaba ɗaya ta yarda da ita? Zabarmawa wurin Hannatu, Dendawa wurin Hannatu, har direbobin Benin da ba sa jin Hausa sosai, wurin Hannatu. In na kai ajiyata wurin wata mace, kafin la'asar kowa zai tambaya me ya haɗa Iliya da matarsa. Ban da haka ma, ko a cikin haukata na san babu wanda zai riƙe mini kuɗi dala ba ta yi ciwon kai ba sai ita.

Saboda haka na miƙa mata kuɗin farko, na ce, "Ki ajiye mini, babur zan saya." Ta dube ni, ta ƙulle su a bakin zane, ta ce, "To."

Ku yi dariyarku, na ba ku izini. Mutum zai saki mace, ya ba ta ajiyar kuɗin sakin! Ni ma yanzu dariya nake yi, amma a lokacin gani nake na fi kowa wayo.

Ga inda Ubangiji ya shigo ta ƙofar da ban rufe ba. Tun da na fara tarin nan, duk kwalbar da na ɗaga sai in ga ta ja mini ranar komawa wurin lauya baya. Sai na rage. Daga ragewa na daina ƙetare gada gaba ɗaya. Na koma cin abinci a rumfar Hannatu, ba don ƙauna ba, don ba na biya. Na koma kwana gida. Ba wa'azi ne ya raba ni da giya ba, 'yan'uwa, rowa ce.

Da idona ya washe sai na fara ganin abin da ban gani a da. Na ga yadda ta rame, wuyanta duk ƙashi. Na ga tana tashi tun asuba ta hura wuta ita kaɗai, tana 'yar waƙar majami'a ƙasa-ƙasa, in ta ji motsina ta yi shiru. Zuciyata ta fara karaya, amma girman kai ya ce, ka riga ka fara, ƙarasa. Haka na yi ta kawo mata kuɗi duk tafiya, tana karɓa tana cewa "To," har wata damina ta zagayo.

Wata safiya kafin ta fita tasha, ta kira ni cikin ɗaki. Ta ce, "Baban Dauda."

Tun rasuwar ban ƙara jin sunan nan a gidanmu ba. Na zauna a bakin gado.

Ta ajiye ƙullin kuɗi a gabana. Ta ce, "Ga ajiyarka. Ina jin yanzu sun isa ka fara da lauyan."

Na ce, "Wane lauya?"

Ta ce, "Direban da ya nuna maka benen a Yamai, a rumfata yake karya kumallo. Labarin ya riga ka isowa Gaya."

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Ita kuwa ko muryarta ba ta ɗaga ba. Ta ce, "Ba zan riƙe ka ba. Abu ɗaya nake roƙo. Kafin ka hau motar Yamai, zo in nuna maka inda ɗanka yake kwance. In na bar gidan nan, babu wanda zai nuna maka."

Na bi ta a baya kamar raƙumi da akala. Muka fita bayan gari, gero ya yi tsawo ta ko'ina, ciyawa ta rufe yawancin kaburbura. Nasa kuwa a share yake tas, an kewaye shi da 'yan duwatsu. Ɗan ƙarami, 'yan'uwa. Bai kai tsawon kujerar motata ba.

Nan na zube. Kukan da ban yi ba ranar da na dawo daga Kotonu, ranar na yi shi. Ni da na manta yadda ake addu'a, na ji bakina yana cewa, "Yesu, an kira ni ban zo ba. Ka gafarta mini. Ban san yadda zan ɗauki kayan nan ba, ka sauke mini." Na juya na ce mata, "Na san kina zargina, kuma kina da gaskiya."

Ta zaro ido. Ta ce, "Ni? Ni da na tsaya ba shi magani a gida ina cewa zazzaɓin zai sauka, sai da ya fara fizge-fizge na kai shi likita? Na ɗauka kai ne ka kasa kallona saboda na kashe maka ɗa."

Kun ji aikin Shaiɗan! Ya zaunar da mu a gida ɗaya, kowa yana ɗauke da gawar yaron nan a zuciya, kowa yana zaton ɗan'uwansa ne alƙalinsa. Muka durƙusa a wurin muka riƙe hannu, ita ta yi addu'a ni ina amin. Na ji wani nauyi ya tashi daga ƙirjina, na ja numfashi har ƙasa, irin wanda na daɗe ban ja ba. Halleluya!

A hanyar komowa na kasa haƙuri. Na ce, "Hannatu, kin san na mene ne kuɗin nan tun ranar farko. Don me kika karɓa? Don me kika yi ta adana mini su?"

Ta dube ni. Sannan ta ce, "Tun da ka fara kawo ajiyar nan na ga ka daina sha. Sai na ce wa Ubangiji, in ma barina zai yi, gara ya bar ni da hankalinsa a jikinsa, kada wata rana a kawo mini gawarsa daga hanya. Shi ya sa duk kuɗin da ka miƙo, sai na yi godiya a kansu kafin in ƙulle."

'Yan'uwa, wannan ita ce matar da na hau bene don in saya mata sammaci.

Ba zan yi muku ƙarya in ce komai ya zama zuma ba. Akwai ranakun da ƙishin giya ke dawo mini, akwai ranakun da muke tuna yaron mu kasa cin abinci. Amma yanzu tare muke kasawa, kuma muna kiran sunansa a gida.

Na gode wa Yesu da ya tsare ni ina tsakiyar wautata. Na gode masa da ya sa aikin lauya ya yi tsada, domin da Metir ya yi mini araha, da tun makon da na je wurinsa na rushe gidana da hannuna. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, in kana zaune a nan da wani abu da ka kasa faɗa wa wanda kuke kwana ɗaki ɗaya, kada ka kai shi birni. Kai shi gaban Ubangiji, ka dogara gare shi, sannan ka buɗe baki ka yi magana a gidanka tun da sauran lokaci.

Hannatu, ɗago kanki. A gaban Allah da jama'arsa nake faɗa miki, na gode.

Yabo da ɗaukaka su tabbata ga sunan Yesu. Amin.