Tayoyin Aro

Assalamu alaikum, mai gabatarwa. Allah ya ƙara basira. Ni direban haya ne daga Kazaure, don Allah a sakaya sunana.

Kwanakin baya na kai motata wurin jami'an duba lafiyar motoci, ba ta tsallake ba. Suka ce tayoyin gaba sun suɗe, in canza su in dawo kafin wa'adi ya cika, in ba haka ba sai na sake biyan kuɗin dubawa daga farko. Maimakon in sayi sababbi, sai na yi abin da muka saba a tasha: na roƙi Yaya Sabo, wanda ya koya mini tuƙi, ya ara mini nasa na yini guda. Mai faci ya ɗaura masa nawa.

Na manta ranar kasuwar Gwiwa ce. Ina can wurin jami'an ana yaba tayoyina, shi kuma ya ɗauki fasinja da suɗaɗɗun. Bayan Roni ɗaya ta fashe, motar ta faɗa rami, wata dattijuwa mai sayar da gyaɗa da ke cikin motar ta karye a hannu.

Yanzu mutane suna zagin Yaya Sabo, wai sakacinsa ne. Da na je masa jaje sai ya ce, “Ka yi shiru, ƙanena, ƙaddara ce.” Wallahi shirun ya fi ƙarfina.

Masu sauraro, ku ba ni shawara: in je gidan matar nan in faɗi gaskiya? Takardar da aka ba ni ta ce motata lafiya lau, amma ni na kasa kallonta.