Ranar Goyon Rokia

A ƙofar asibitin Zongo, bayan awon yara, wata dattijuwa ta leƙa goyon Adawiyya.

"Tubarkalla! Yarinyar nan kumatunki ta ɗauko."

Adawiyya ta yi dariya. "Inna, ba ni na haife ta ba. Uwarta gudun hijira ta yo, ta rasu da isowarta. Lokacin Rokia ko kuka ba ta iya yi."

"Allah sarki! Wa ke riƙonta?"

"Matan lungunmu. Kowace da ranarta, da kunun gyaɗarta. Yau tawa ce. Kilo goma cif, in ji Madam!"

"To ku sa ni, ko Lahadi ce."

"Wayyo Inna, kin makara. Kwana bakwai ne a mako, mu tara ne. Kullum sai an yi faɗa."