Kwaɗon da Za a Sa wa Gidan Fauzia

Assalamu alaikum. Shugaban taro Alhaji Wahab, malamanmu da limamanmu, sarakunan Zango, baƙinmu na jami'a, iyayena mata da ke can baya inda rumfa ba ta kai ba, jama'ar unguwannin Nima da Maamobi, ina gaishe ku da gaisuwar Musulunci.

Na gode da aka tuna da ni. Sunana Nashiru. An kira ni ne don benci ɗaya muka zauna da marigayiya Dakta Fauzia a firamare. Ita ta wuce jami'a ta zama malama, ni kuwa takardun shaidata suna cikin akwati a ɗakina na Kawukudi, kyankyasai suna karatu. Saboda haka ba ni da kujerar da zan ji tsoron rasawa, zan faɗi abin da na sani.

Na farko, aikinta. Kun san al'adarmu a gidajen haya na Nima: ɗaki da sunan miji ake kama shi. Idan ya rasu, ana ƙyale matarsa ta yi takaba, don mu masu tsoron Allah ne. Ranar da ta fita takaba, kafin ta dawo daga gaida dangi, mai gida ya sa kwaɗo a ƙofa. Fauzia ta bi lungu-lungu, ta tsallake kwatoci, tana tattara matan nan. Gidan da ta gada a Maamobi ta buɗe musu, suna ciki har yau.

Na biyu, rubutunta. Littafinta na farko a kan 'yan dakon kasuwar Malam Atta ne, matan da ke ɗaukar doya a ka da goyo a baya. Na biyun ta kira shi Bayan Takaba. A cikinsa ta ce addini ya ba mace haƙƙi, mazan unguwa suka karɓe, sannan suka ce addinin ne. Da ya fito, an zage ta a lasifika, an ce boko ya lalata ta, an ce wa mata kada su gaishe ta. Na gane wasu muryoyin. Yau da safe na sake jin su, suna cewa uwa ce ga al'umma.

Na taɓa ce mata, "Fauzia, ki bari mana, mutanen nan ba sa karatu." Ta yi dariya ta ce, "Nashiru, kai da kake karatu me ka tsinana?" Haka take, ba ta raga wa kowa.

Na uku, abin da ya tara mu. An ce kwamiti zai karrama ta, zai mai da gidanta ɗakin karatu mai sunanta, da fanka da kwamfuta. Madalla. Amma jiya Mma Sala, tsohuwar da ta fi kowa daɗewa a gidan, ta tare ni a bakin masallaci ta ce, "Malam, an ce mu kwashe kaya kafin magina su zo. Littafi ne zai kwana a ɗakina? To ni in kwana ina, a kan tebur ɗin kasuwa?" Alhaji Wahab, ko kana da amsa?

Ku duba da kyau, jama'a. Matar da ta ƙarar da rayuwarta tana yaƙi da kwaɗo, da kwaɗo za mu karrama ta. Za mu fitar da zawarawa, mu jera littafin da ya hana fitar da zawarawa, mu kira 'yan jarida su ɗauki hoto. Da ranta ba mu karanta ta ba, da ta mutu ba mu ji kunyarta ba.

A tsarin taro, ni ne zan yaye ƙyallen da ke kan allon sunan nan. Ba zan yaye ba. Duk wanda zai yaye, ya fara zuwa can baya ya gaya wa Mma Sala inda za ta kwana, da bakinsa, a gaban jama'a. Ga allo, ga ƙyalle, ina jira.

Allah ya jiƙan Fauzia, ya haskaka kabarinta. Allah ya suturta matan da ta bari. Mu kuma Allah ya ba mu kunya tun muna da rai, ya mai da kowa gida lafiya, ya sami ƙofarsa a buɗe. Na gode.