Ana Kai, Ana Kai, Ruwa Ya Ci Ɗakin Tasalla

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta.

Mai girma shugaban wanga taro, kuma shugaban Ƙungiyar Ci Gaban Unguwar Bayan Kara, Alhaji Abdulƙadir. Wakilin uban ƙasa, ranka shi daɗe. Limaminmu Malam Attahiru, Allah shi gafarta Malam. Mai unguwa da dattawan da ke tare da shi. Hajiya Hindatu shugabar mata, da iyayenmu da ke zaune can gindin dogon yaro. Sarkin pawa da sarkin dillalai. Baƙinmu na Amarawa da na Garu. 'Yan uwanmu na Ƙwanni da sunka ƙetaro iyaka, wasu ta ƙofa, wasu ta inda sunka saba. Jama'ar Illela baki ɗaya, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina godiya ga Allah da Ya kawo mu wannan rana. Ina godiya ga shugaba da ya ba ni damar magana, ko da yake na lura an ajiye sunana can ƙarshe, lokacin da ake zaton rana ta kori rabin mutane. To, ga su nan ba su tafi ba, su ma na gode musu.

Wanda bai san ni ba, ni ne Halilu, dillali a kara, kasuwar shanu. Na yi firamare, na leƙa sakandare a Sakkwato, kasuwa ta kira ni na amsa. Ba injiniya ba ne ni, amma sana'ata ita ce in gane lokacin da mutum ke sayar mini da iska, kuma ina rantsuwa, damina biyu ke nan ana sayar wa unguwar nan iska.

Kowa ya san abin da ya tara mu. Duk ruwan da ya sauka a kara, da kashin shanunsa da komai, unguwarmu yake gangarowa. Munka kafa ƙungiya don a haƙa magudana ta kai shi fadama. Bara, cikin watan Agusta, ruwan nan ya zo bai tarar da magudana ba, ya tarar da gidan Inna Tasalla mai tuwo, wanda ya fi kowane gida zama ƙasa. Ya ci katanga, ya ci ɗakin da marigayi mijinta ya gina da hannunsa. Allah Ya kiyaye rai, ita da jikokinta sunka fita da abin da ke jikinsu. Ta sake tayar da ɗakin da rani, har yau yaɓensa bai gama bushewa ba. Shekaranjiya na biya in ci tuwo, na tarar ta ɗaɗɗaure kayanta. Ta ce kwana uku sunka rage mata, za ta koma Garu wurin ɗiyarta kafin ruwan fari, ta bar gidan ya zama na ruwa. Tsohuwar da ta ciyar da rabin mutanen da ke zaune kan kujerun nan tun suna yawo ba wando, ita ce za ta bar garin nan, ba don yunwa ba, ba don faɗa ba, sai don rami ya gagari maza!

Da na fito daga wurinta ban koma kara ba. Na bi kwamitocinmu ɗaya bayan ɗaya, don Allah Ya albarkace mu da su har huɗu. Na tambayi kwamitin haƙa, sunka ce, "Ana kai, zane muke jira." Na tambayi kwamitin zane, sunka ce, "Ana kai, injiniya a Sakkwato na jiran awo." Na tambayi kwamitin awo, sunka ce, "Ana kai, ba a zauna an ba mu izini ba." Kwamitin saye kaɗai ya yi sauri, shi kam tun kafin a san inda ramin zai bi ya sayo siminti ya jibge a sito. Ku je ku gani. Damina ta ratsa shi, ya daskare, kowane buhu ya zama dutse mai siffar buhu. Da can an ce mana boda a rufe take, shi ya sa kaya ba su samuwa. An buɗe boda tun bara. Shanu sun wuce, wake ya wuce, atamfa ta wuce, magudana kaɗai ce kwastan sunka riƙe?

Na koma na gaya wa Inna Tasalla cewa an ce ana kai. Ta dube ni, ta ajiye mara, ta ce, "Halilu, wanga kai da aka hawa kullum, kan wa ne? In dai nawa ne, don Allah ka ce su sauka, wuyana ya gaji."

Kuna dariya. Ni ban yi ba.

Ban zo zagin kowa ba. Mutanen kwamitocin nan mutanen kirki ne, da su nake salla sahu ɗaya. Ba mutanen ne sunka lalace ba, tsarin ne ya lalace, tsarin da kowa ke da wanda yake jira, kuma ba wanda za a kama.

Da hutun da ya wuce, Mukhtari ƙanen matata, wanda ke karatu a jami'a, ya zo da wata mujallar Turanci yana karanta mini. Labarin wasu masana'antun Japan ne, yadda suke ƙera sabon inji cikin hanzari. An ce aikin taro iri biyu ne. Akwai irin tseren 'yan makaranta, inda wannan zai ruga ya miƙa wa wancan sanda, sauran suna tsaye suna kallo, in ɗaya ya faɗi kowa ya faɗi. Wannan shi ne namu. Akwai kuma irin wani wasan ƙwallo na Turawa, inda ƙarti ke haɗa kafaɗa da kafaɗa, su duƙa, su tura gaba ɗaya. Wannan haɗa kafaɗar suna ce mata sikiram. Na ce, "Mukhtari, a kan wannan anka ɓata takarda? Ai abin da muke yi ke nan duk ranar da motar Maccido ta kafe cikin rairayi." Wa ya taɓa ganin an kafa kwamitin turi? Kowa ke sauka, mai babbar riga da mai gatari, a sa kafaɗa, a tura kaɗan, a sa dutse bayan taya kada ta koma, a duba inda ta karkata, a sake turawa. Ba mai cewa ana kai, don kowa na ganin tayar da idonsa, ko ta motsa ko ba ta motsa ba.

Mujallar nan ba ta san Illela ba. Ta ba ni kan zance, sauran ni na auna shi da mudun kasuwarmu. Ga abin da nake kawowa gaban taro.

Na farko, a rushe kwamitocin nan huɗu yau, a yi musu addu'a, a sallame su. A kafa ayari ɗaya ƙarami, wanda tabarma ɗaya za ta ɗauke shi, amma a cikinsa akwai duk hannun da aikin ke bukata: Lawwali magini, Maccido da tifarsa, mai awo, masu diga da shebur. Mai awo ya auna, mai haƙa na tsaye kusa da shi. In an yi kuskure a gyara nan take, ba sai an rubuta wa juna takarda ba, alhali katanga ɗaya ta raba gidajensu.

Na biyu, aiki daga kasuwa zuwa kasuwa. Mu nan ba mu lissafi da shekarar gwamnati, da Lahadi, ranar kasuwarmu, muke lissafi. Wanda ya ce zai kawo maka sa, ranar kasuwa yake cewa, in ta zo ko sa ko kunya. To, haka za a yi wa magudana. Kada a ce za a gama ta duka, wannan alkawari ne mai faɗi da kowa ke iya ɓuya cikinsa. A yanki abin da za a iya gamawa kafin Lahadi, kuma masu haƙar su ne za su faɗi iyakar abin da za su iya, ba mai kallo daga inuwa ba. In sun ɗauka, ba wanda zai zo ranar Laraba ya ce a ɗan karkato ramin ta ƙofar shagonsa. Mai sabuwar bukata ya jira Lahadi.

Na uku, kuma a nan na san za a ji haushina: taron tsaye. Kowace safiya bayan an fito masallaci, ayarin ya haɗu a bakin ramin. Ba kujera, ba tabarma, ba goro, ba lemo. Jama'a, na halarci zaman ƙungiyar nan da anka share hantsi ana gaisuwa, anka share azahar ana gardamar wa zai zauna kusa da wa, anka tashi an tsai da magana ɗaya tak, wato ranar zama na gaba. Mutum in yana tsaye, ƙafarsa ke yi masa linzami. Kowa ya amsa abu uku: mi ka yi jiya, mi za ka yi yau, mi ya tare ka? Shi ke nan, a ɗau diga. Wanda ya ce "ana kai", a ce masa ba a ji ba, ya sake.

Na huɗu, mu yarda da ma'anar "an gama". Ba a gama ba don an haƙa. Ba a gama ba don sakatare ya rubuta an gama. Ran Lahadi da la'asar, gaban kowa, a kawo duro cike da ruwa, a tuntsurar da shi a saman abin da anka yi. In ruwan ya bi ya fita ta ƙasa, an gama. In ya tsaya yana kallonmu, ba a gama ba, ko wa ya haƙa. Bayan nan ayarin ya keɓe, su tambayi juna abin da ya yi kyau da abin da ya ba su wahala, ba zagi, ba tone-tone, su gyara, su yanki na mako mai zuwa. Za a ce, zanen injiniya fa? Ya zo, muna maraba. Kwalbatin da zai bi ƙarƙashin titi nasa ne, ba mu taɓa shi. Amma ramin da zai janye ruwa daga bangon tsohuwa bai bukatar hatimin Sakkwato. In zanen ya zo ya ce mun karkace, aikin mako ɗaya za mu gyara, ba na shekara biyu ba.

Na biyar, mutum biyu. Ɗaya mai share hanya. Shi ba shugaba ba ne, bai ba da umurni, baran ayari ne mai yi musu hidima. In an ce babu shebur, shi zai nemo. In an ce wani ya ɗaure jakinsa kan hanyar rami ya ƙi kwancewa, shi zai je ya yi lallashi. Wannan na roƙa a ba ni. Wanda ya iya sa Bafillace da Bayarabe su tafa a kan sa ɗaya, ba ya rasa yadda zai yi da mai jaki. Kuma kada a ce Halilu ya zama waliyyi: ɗakin da nake ajiye fatu yana bayan gidan Inna Tasalla, in bangonta ya tafi, nawa ke biye. Na faɗa da bakina, kafin a faɗa mini.

Na biyun shi ne mai aiki, baki ɗaya tak da zai ce wannan za a fara, wannan zai jira, kuma shi zai karɓi aiki ran Lahadi ko ya mayar. Na ji tsarin da ke ƙasa ya ce a fara daga bakin titi, gaban manyan shaguna, inda baƙi za su gani in sun zo yanke ƙyalle. Ranka shi daɗe, ruwa bai zuwa bikin buɗewa. In anka fara daga titi, can sama, an gyara masa hanya ne ya iso gidan tsohuwar nan da gudu. Saboda haka ina ba da sunan Inna Tasalla, ita ce mai aiki, Hajiya Hindatu ta tsaya mata.

Ina jin gunaguni. Mace? Mai tuwo? Ba ta yi boko ba? Ba lissafi za ta yi mana ba, ba zane za ta yi mana ba. Abu ɗaya muke so ga mai wannan matsayi, ya zama wanda ba zai iya yi wa kansa ƙarya ba. Duk wanda ke nan, in anka ce masa an gama alhali ba a gama ba, zai iya yin murmushi ya tafi gida ya kwanta. Ita in ta karɓi ƙarya, cikin ƙaryar za ta kwana, ita da jikokinta. Wa ya fi ta cancanta? A nuna mini shi, in janye.

Manoman Tozai sun gama sharar gona. Gabas ta fara yin duhu da yamma. Ba mu da wani zama na gaba. Wanda zai zo bakin gidan Inna Tasalla gobe da safe da abin haƙa, ya miƙe tsaye yanzu, a gan shi.

Lawwali ya miƙe. Maccido, na gan ka, tifar ma muna so ta miƙe. Sarkin pawa, Allah shi ƙara girma. Allah shi gafarta Malam, kai addu'arka ta isa, amma tunda ka tashi ba mai zama. Alhaji shugaba, ba mu ce ka riƙe diga ba, amincewarka muke jira, ka ɗaga hannu kawai. Madalla. Jama'a kun shaida.

Inna Tasalla, ina hangen ki can gindin dogon yaro, ga su nan, ki dube su da kyau, ki riƙe fuskokinsu. Ban ce ki kwance kayanki ba, ba mu yi abin da za ki yarda da mu ba tukuna. Abin da nake roƙo, kada ki hau motar Garu gobe. Ki ba mu zuwa Lahadi. In an zuba ruwa ya wuce ƙofarki bai tsaya ba, ki kwance ƙulli ɗaya, ki ba mu wata Lahadin. In ya tsaya, ni zan ɗauki kayanki a kaina in kai tasha, kasuwa na kallo.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya sa ta zo ta tarar mun shirya. Allah Ya ƙarfafa kafaɗun da sunka miƙe, Ya shiryi waɗanda ke zaune. Allah Ya tsare gidajenmu da na maƙwabtanmu, na wannan ƙetare da na wancan. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya maida kowa gidansa lafiya, Ya tashe mu gobe da wuri.

Na gode.