Bashin Da Aka Ci Da Fuskata

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Hadiza ce, malamar firamare daga Arkilla.

Kwanakin baya Nasiru, ɗan kawuna, ya zo ya ce ana rajistar tallafin taki. Ya amshi wayata da katina na ɗan ƙasa, ya ce in kalli kyamara in ƙifta ido. Na ƙifta. Ashe bashi ya ci da fuskata a manhajar masu ba da rance. Ban sani ba sai da suka aika wa shugabar makarantarmu saƙo, wai ni ɓarauniya ce.

Na rubuta masu cewa ban ci ba, kuma ba ni biya. Suka ce sai na kawo takardar 'yan sanda. Kawu ya kira ni gidansa da ke Ƙofar Rini, ya ce, “Ɗiyata, ki biya kaɗan-kaɗan, a rufa asirin gida.”

Na duƙa na ce, “Kawu, nawa asirin wa ya rufa shi?”

Masu sauraro, ba ina tambaya ko in je wurin 'yan sanda ba ne, gobe zan je. Ku dai gaya mini shaidar da zan riƙa. Kai kuma Nasiru, na san kana saurare. Yanzu idona biyu.