Ƴan Tsanan Madam Ramlatu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma mai unguwar Bukoki, Malam liman, darakta da malaman wannan lakwal, Malam Mumuni mai gidan marigayiya, ɗiyarta Sakina, iyaye da ƴan uwa, ina gaishe ku, ina yi mana ta'aziyya baki ɗaya. Ni ne Alhaji Bawa, tsohon shugaban ƙungiyar iyayen yara. Da aka ce ni zan yi magana a wannan addu'ar arba'in ta Madam Ramlatu, sai da na ce a nemi wani. Za ku ji dalili.

Ta kasance malamar ajin ƙanana shekara ashirin da biyu, ajin da sai an share majina kafin a kama alli. Ta kasance mai yi wa yaro magana da Hausa, in bai gane ba ta juya Zabarmanci, in ya ƙi ta yi masa waƙa. Ta kasance mai faɗa kuma, kada mu ɓoye. Duk wanda ya taɓa turo ɗansa ba wanka ya san bakinta.

Kuma ta kasance tana da ƴan tsana biyu da ta ɗinka da ƙyallayen tela, namiji da mace, Jibo da Kadi. Takan zaunar da yara ta yi kamar tana yi wa ƴan tsanan wanka, ta nuna musu yadda Allah ya halicci namiji daban, mace daban, ta kira kowace gaɓa da sunanta, ba dariya, ba noƙe-noƙe. Sai ta mayar musu da wando ta ce: "Inda wando ya rufe naka ne kai kaɗai. In wani ya ce kada ka faɗa wa Inna, to shi ne abin faɗa."

Mu iyaye muka ji, muka tada ƙura. Muka ce tana buɗe wa yara ido, tana cire musu kunya. Shekara tara ke nan, ni da ƙafata na shiga ajin can, na kwashe ƴan tsanan a gaban yaranta. Duk faɗanta, ranar ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi: "Alhaji, yaron da bai san sunan wuri ba, ƙaƙa zai gaya maka an taɓa shi?" Na ce ba ita ta haife su ba. Na je gida na jefa ƴan tsanan cikin akwati. Ita kuwa ta ci gaba da darasinta da zane a allo.

Bayan shekara uku, jikata Iklima, tana ƴar shekara biyar, ta iske uwarta na tsintar shinkafa. Ta ce baƙon da muka sauke a gida ya ba ta alewa, ya ce ta biyo shi ɗaki, kada ta faɗa wa kowa. Ta ce: "Inna, Madam ta ce shi ne abin faɗa." Allah ya tsare, ba ta bi shi ba. Ranar mutumin ya bar gidana.

Jama'a, shekara shida ina cewa gobe zan mayar mata da kayanta in roƙi gafara. Mukan haɗu a hanya, ta ce: "Alhaji, ina Iklimata?" sai in ce tana lafiya, in wuce. Girman kai ne, ba wani abu ba. Da na ji tana kwance, na ce bari ta ji sauƙi tukuna. Ba ta ji sauƙin ba.

Malam Mumuni, ka yi haƙuri. Mun rasa malama, kai ka rasa abokiyar zaman shekara talatin. Darakta, mu da muka hana, mu ne yau muke roƙo: kada darasin nan ya bi ta kabari.

Sakina, ɗiyata, matso. Ga Jibo, ga Kadi. Asu ya ci rigar Kadi kaɗan, amma ɗinkin uwarki bai kwance ba. Ita ya kamata in miƙa wa, na makara. Don Allah ki karɓa a madadinta.

Mun gode wa duk wanda ya taka ya zo. Allah ya jiƙan Ramlatu, ya haskaka kabarinta, ya tsare ta kamar yadda ta tsare mana ɗiyanmu. Ya Allah, abin da na kasa gaya mata da bakina, ka isar mata. Amin.