Wai Gidan Ne Ya Karkace

A bencin shagon kayan gini, wata mata na jiran a ɗauko mata siminti, da fasasshen tayil a cinyarta. Tsohon da ke gefenta ya ƙare masa kallo, ya taɓe baki.

"'Yata, wa ya yi miki wannan ɓarna?"

"Ƙanen mijina, Baba. Gyaran gida muka yi, aka ce a ba na gida. Ya shimfiɗa mana banɗaki, gangaren ya juya baya. In ka yi wanka, ruwan zai riga ka shiga ɗaki."

"Ba ki kira shi ba?"

"Na kira. Ya tsaya hannu a aljihu, wai gidan ne ya karkace."

"Kansa dai ya karkace! Mijin naki fa?"

"Tsumma ya sayo mini. Surukata kuwa cewa ta yi ɗanta bai taɓa aikin banza ba, ni ce ban iya wanka ba."

"Tir! Ni da tuni na kai shi ƙara."

Ta gyara mayafi tana danne murmushi. "Ƙara kuma? Gayyato ta na yi ta zo hutu. Na ba ta ɗakin, na shimfiɗa mata katifa a ƙasa saboda ciwon bayanta. Sannan na tura yara wanka."

Tsohon ya saki baki. "Sai me?"

"Yanzu haka yana can durƙushe yana fasa tayil, ta ja kujera ta zauna a kansa. Simintin ma ita ta aiko ni."